Ajiyar da Na Bar wa Inna

Duk wadda ta shigo falona yanzu sai ta tsaya bakin ƙofa ta waiga, kamar ta yi ɓatan gida. Wata ta tambaye ni ko tashi za mu yi, wata ta ja ni gefe ta tambaya cikin raɗa ko an kori maigidan daga aiki ne. Akwai kuma masu yabo, su ne ma suka fi ƙona mini rai. Wai na zama mai gudun duniya, wai in koya musu yadda ake yi. Nakan yi murmushi in kawo musu ruwa. Ni ban guji duniya ba. Ni da ita mun daɗe muna zaman lafiya, kuma da don ta ni ne da har yau muna tare. Abin da ya shiga tsakaninmu wani ƙulli ne da ke ƙarƙashin gadona, wanda mahaifiyata ta fito da shi daga ƙauyenmu da ƙafa.

Ni 'yar fari ce, kuma Inna mutuniyar da ce. Ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa kallona ido cikin ido ta yi mini magana ba. Ana yaye ni yayar babana, Gwaggo, ta ɗauke ni zuwa Sabon Birni, a hannunta na girma na yi makaranta. In na je ƙauye hutu, can bayan Kurawa, sai Inna ta dubi bango ta ce, "A gaya ma baƙuwa tuwo na nan." Ni ce baƙuwar, ko da kuwa daga ni sai ita a tsakar gidan. Ban taɓa ɗaukar wannan ƙiyayya ba, kowa ya san kunyar ɗan fari. Amma dai yaro yaro ne. Nakan ga ta ɗora ƙanena a cinya tana cire masa ƙaya, in tafi bayan rumbu in rasa abin da ke damuna.

Ɗakin Inna ba ya ɗaukar lokaci wurin kallo. Tabarma da buzu, buta, tukunyar ruwa, ƙwarya biyu, ɗaya ma ɗinkakka ce, sai zannuwan da take sauyawa. Ba talauci ne ya ja ba, don babana manomi ne mai rumbuna, ita kuma tana daddawar batso, ta gurguzu, da ake zuwa saye daga ƙauyukan kusa. Haka dai Allah ya yi ta. In aka yi mata maganar kaya sai ta ce, "Abin da kaina bai ɗauka, ba nawa na ba." Abu ɗaya take ji da shi, wani ƙunshi da ke rataye a ragaya don gudun gara. Likkafaninta ne, farin alawayyo da ta saya da cinikin daddawa tun ƙarfinta bai fara tafiya ba. Ta ce ba ta son a lulluɓe ta da abin da ba ta san asalinsa ba. Kowace kaka takan sauko da shi ta shanya ya sha iska, ta naɗe ta mayar. Ina yarinya in na ga wannan farin ƙyalle a kan igiya, ba na yarda in bi ta wajen.

Ni kuwa ban gado ta ba ko kaɗan. Da na fara aikin koyarwa a Sakkwato na yi aure, sai na gano ina da wata baiwa: in na ga abu a gidan wata, ba na barcin kirki sai na ga irinsa a gidana. Kuloli na abinci kawai ina da waɗanda har suka daina yayi ban zuba musu ko ruwan zafi ba. Labule nakan sauya shi ba don ya tsufa ba, don dai na gaji da ganinsa. Muna da wani guruf na mata a waya, ana saka hoton kaya da safe, kafin azahar an ce saura biyu, ni kuma kalmar nan "saura biyu" ita ce ke kwance mini kai. Maigidana ya taɓa cewa ranar da gobara ta tashi a gidanmu, 'yan kwana-kwana sai sun fara kwashe kwalaye kafin su ga inda wutar take. Na yi fushi na kwana biyu, na huce da sayen sabon filas.

Ina saya wa Inna ita ma, ba za a ce ban yi ba. Amma kyauta a hannunta kamar ruwa ce a kwando. In kai mata bargo, in na dawo in gan shi a gidan mai jego. Filas ya koma wurin matar liman. Wata fitila mai cajin rana da na sha wuya kafin na samu, na tarar da ita a zauren da yara ke karatu. In na yi ƙorafi wurin Gwaggo sai ta ce, "To, ba kin ba ta ba? Nata na, ta yi yadda taka so."

Abin ya kai ni maƙura ne lokacin rasuwar babana. Abokan aikina suka cika mota suka zo mini ta'aziyya har ƙauye. Aka shimfiɗa musu tabarma a ɗakin Inna, aka kawo musu ruwa a ƙwarya, ɗinkakkar nan kuwa. Ba wadda ta ce komai, sun yi addu'a sun yi kirki. Amma na ga idon ɗaya daga cikinsu yana yawo a bango, yana neman abin da zai sauka a kai bai samu ba. Ubana ne ya rasu, kwana uku da binne shi, ni kuwa abin da ya cika mini zuciya a wannan zaman shi ne kunyar ɗakin uwata. Na faɗa ne yadda yake, ba don yana da daɗin faɗa ba.

Nan na ƙulla dabarata. Na san abu ɗaya da Inna ba za ta taɓa bayarwa ba, shi ne abin da ba nata ba. Bayan ta fita takaba na zo da mota ɗauke da katifa, da kujerun roba, da darduma, da kuloli. Na tsaya tsakar gida na ɗaga murya ina magana da Gwaggo, yadda Inna za ta ji daga madafa. Na ce gidana na Sakkwato ya yi mini kaɗan, ina roƙon a ajiye mini waɗannan a ɗakin marigayi, kuma a riƙa amfani da su don kada su lalace. Sai na ji muryarta daga cikin hayaƙi.

"A aje."

Na koma Sakkwato ina jin kaina wata mai wayo. A zatona yau da gobe za ta gaji ta hau katifar. Ba ta hau ba. Ta sayi kwaɗo ta sa wa ƙofar, ta ɗaure mabuɗin a bakin zanenta. Ta riƙa share ɗakin, tana fitar da katifa rana, tana ɗora kwalaye a kan duwatsu saboda damshi. Matar da a da in za ta unguwa sai dai ta jawo asabari ta yi gaba, ta zama mai komawa ta taɓa kwaɗo ta tabbatar. Na ga haka da idona, kuma ban fasa ba. Duk zuwa sai na ƙaro wani abu. In faɗi gaskiya, zancen jin daɗin Inna ya daɗe da fita daga lissafin. Na samu inda zan riƙa sauke tsofaffin kaya ne in samu wurin sababbi, ina kuma gaya wa kaina ai uwata na kai wa.

Na ƙarshe da na kai su ne tangaran. Farare ne masu bakin ruwan zinari, faranti da kofuna da kwanonin miya, kwali guda cur. Wata mai kawo kaya daga waje ta tallata su, abokiyar aikina ta saya, ni ma na saya. Da suka iso na rasa inda zan jera su, sai na kai ƙauye. Na tuna har na ce, ina magana da bango ni ma yadda na koya, "Waɗannan masu fashewa ne, a yi hankali da su."

Sannan ƙasarmu ta rikice. Ba sai na tsaya bayani ba, duk wanda ke da ɗan'uwa tsakanin Sabon Birni da Isa ya san yadda abin ya fara da satar shanu ya koma satar mutane. Yau a ji an shiga wajen Gatawa, gobe a ji an tare hanya. Mutane suka fara barin gonaki da hatsi tsaye. In ka ji ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba: dattawan da suka rantse a gidan ubansu za su mutu, su ne aka gani a bayan a-kori-kura da jikoki a cinya. Ƙanena ya kwashi matarsa da yara ya tsallaka Nijar. Ya yi roƙon duniya Inna ta bi shi, ta ce ya yi gaba tana nan tafe. Ga shi an ɗauke sabis na waya a yankin gaba ɗaya, sai mai layin Nijar, shi ma sai ya nemi tudu. Gwaggo ce kaɗai hanyata, takan ari wayar wani maƙwabcinta ta kira ni in an dace.

Abin da nake so a duniya a lokacin guda ɗaya ne, Inna ta fito. Na yi kuka, na yi faɗa, na ce taurin kai ne irin na tsofaffi. Na zaci kabarin mijinta ne ba ta son bari, ko rumbunta, ko awakinta. Komai na zata ban da abin da yake shi ne.

Wata ranar da Gwaggo ta same ni, muryarta na yankewa tana dawowa.

"Uwakki ta ƙi tashi. Na aika, na sake aikawa, tac ce tana da sauran aiki. Amma kayanki suna ta isowa. Ran kasuwa katihwa taz zo bisa jaki, jiya kujeru."

Sai na ji sanyi. Na ce ashe ta fara haɗa kaya, tashi ya zo kusa. Ban tsaya na tambayi kaina ba me ya sa a cikin abin da ke isowa babu tabarmarta, babu tukunyarta, babu ko damin hatsi ɗaya. Kuma a cikin wannan sanyin ne bakina ya suɓuce.

"Gwaggo, tangaran ɗin nan hwa, masu bakin zinari? Sun iso?"

"Ba su cikin waɗanda anka kawo. Bari in aika a tambaya."

Layin ya yanke. Wallahi ko minti ɗaya ban ƙara tunanin maganar ba, na tashi na ɗora girki. Tambaya ce irin wadda mutum ke yi don bakinsa ya saba. Amma Gwaggo ta aika, ɗan aike ya kai, kuma abin da ya isa kunnen Inna shi ne mai kaya tana tambayar tangaran ɗinta.

Daga baya na ji yadda aka yi. Duk ranar kasuwa Inna na bin masu jaki da masu babur tana roƙo su fitar mata da amanar mutane, ɗaya-ɗaya. Komai an karɓa ban da tangaran. Wa zai ɗauki abin fashewa a hanyar da ake iya watsar da kaya a ruga daji? Wanda ma ya yarda, ita ce ba ta yarda da shi ba. Haka ta zauna gidaje na ƙarewa kewaye da ita, har ranar da mutanen daji suka aiko cewa duk wanda suka tarar a garin ya kuka da kansa.

Da labari ya same ni cewa ta iso, na kama hanya washegari. Ƙarshen damina ne, ko'ina kore, gero ya yi kai babu mai yanka. Na tarar da gidan Gwaggo cike da mutanen da ban sani ba, zaure da tsakar gida duk mata da yara. Ɗakin da ya kamata a sa wasu daga cikinsu kuwa kayana ne a ciki har rufi. Na gane kujeruna, na gane kulolina, na kawar da kai.

Inna na kwance a tabarma a ɗakin Gwaggo, ta ba ƙofa baya. Ƙafafunta sun kumbura, an shafa musu man shanu. Kusa da ita wata tsohuwar Bafillata ce zaune, maƙwabciyarta da ta daɗe tana kawo mata nono, tare suka fito. Na durƙusa na gaishe su. Inna ta amsa wa bango, ta tambayi bango lafiyar maigida da yara. Sannan ta ce da Gwaggo, "Yaya, a ce ma mai kaya ta duba kayanta. In akwai wanda yah hwashe a hwaɗa mani."

Gwaggo ta jawo wani ƙulli daga lungu ta ajiye gabana. Ba kwalin da na kai ba ne. Ƙyalle ne da ya sha laka har ya koma ja, an ƙulle shi tam. Bafillatar ta ce gara ce ta cinye gindin kwalin, da aka ɗaga sai ya zube. Ta ce ita ta ce a bar su, rai ya fi, Inna ta ce ta yi gaba in tana sauri. Ta ce ba a kai Inna ta ɗauko su ba, don kada ta yi tuntuɓe. "Goya su tay yi, kamar jinjiri. Wurin gulbi ruwa ya kai mamu ga ƙirji, sannan tam mai da su bisa kai."

Na fara kwancewa. Ƙullin ya yi tauri, sai da na sa haƙori. Da ya buɗe na ga kowane faranti an naɗe shi daban, kowane kofi an cusa masa tsumma a ciki an naɗe bayansa. Na warware na farko. Tsumman ciki laka ba ta kai gare shi ba, fari ne tas, sabo, bakinsa da zare-zaren yagewa. Na warware na biyu, shi ma haka. Hannuna ya gane kafin kaina ya gane. Na ɗaga kai na dubi Gwaggo, ta sunkuyar da nata.

Likkafanin ne. Ba ta da wani ƙyalle a gidan mai yawa da ƙwari da zai isa, sai ta sauko da shi daga ragaya ta yayyage. Babban ɓangaren ta yi majanyi da shi. Hatsinta na rumbu, awakinta na turke, tabarmarta da ƙwaryarta duk suna can. Abin da ta fito da shi daga gidan da ta yi aure ta haihu ta tsufa a ciki shi ne zanen jikinta da tangaran ɗina. Ko ɗaya bai fashe ba, ko tsagewa babu.

Ban san lokacin da na karya dokar da muka rayu a kanta ba. Na matsa har gwiwata ta taɓa tabarmarta, na yi mata magana kai tsaye.

"Inna, ba ajiya ta ba. Ƙarya niy yi. Naki na, tun hwarko ke nis saya ma. Don kar ki bayar nic ce ajiya."

Ba ta juyo ba. Na ga kafaɗarta ta ɗaga ta sauka. Can ta ce, "Yaya, a ba baƙuwa ruwa, ta sha hanya."

Na fita bayan ɗaki ina kuka irin na mai jin haushin kansa, wanda ba ya son a rarrashe shi. Gwaggo ta biyo ni, kuma ba rarrashi ta zo yi ba, ita ba ta iya ba.

"Ke zato kike ba ta sani ba? Tun randa kinka aje katihwan nan tac ce mani, yarinyag ga ba ta iya ƙarya ba, muryatta rawa takai."

"To mi yas sa ba ta hwaɗi ba? Mi yas sa taz zauna?"

Gwaggo ta dube ni kamar yadda take dubana ina ƙarama in na zubar da miya.

"Ni niɗ ɗauke ki tun ba ki iya magana ba. Ba ta taɓa goya ki gaban mutane ba, kunya ta hana. Kin girma, kuɗin makaranta ni, ciwo ni, aure ni. Sai ga ki rana guda kin zo kin ce ta riƙa maki abu. Shi na abu na hwarko da kinka taɓa roƙonta tun da tah haihe ki. Shi kika son ta yar ta gudu?"



Kayan da ke ɗakin Gwaggo a nan na bar su, aka raba wa waɗanda suka fito da hannu biyu, aka share ɗakin mata suka shiga. Kada a yaba mini, ba wata sadaka ba ce, ganinsu ne ba na iya yi. Da na koma Sakkwato na fara fitar da na gidana. Ban yi shi cikin natsuwa irin ta masu tsoron Allah ba. Na fitar da wasu na dawo da su, na sake fitarwa. Akwai wata kula ja da na bi da kallo har mai ɗauka ta sha kwana. Na fita daga guruf ɗin nan, na koma, na sake fita. Har gobe in na bi ta layin 'yan tangaran a kasuwa tafin hannuna ƙaiƙayi yake yi, hali zanen dutse. Bambancin kawai shi ne yanzu in na ɗauki abu ina juya shi, sai in ji ina auna nauyinsa, ina tunanin bayan wa zai hau. Yawanci a nan nake ajiyewa in wuce. Maigidana ya daina tsokanata, wannan ma wani ciwo ne.

Tangaran ɗin kuwa na kasa bayarwa, na kasa ci a ciki. Na mayar da kowanne cikin ƙyallensa na ƙulle yadda na same su. Wata rana 'yata ta ce a fito da su mu yi baƙi, na daka mata tsawar da ba ta cancanta ba, sai da na bi ta ɗaki na ba ta haƙuri.

Inna tana Sabon Birni wurin Gwaggo. Ƙauyen ba a koma ba. Ƙafafun sun saɓe, amma bayanta bai koma daidai ba tun daga wannan tafiya, a dudduƙe take zuwa alwala. Zuwana na gaba na yi abin da na iya, abin da kawai na taɓa iyawa. Na ce da Gwaggo, a gabanta, za ni shiga kasuwa in yanko alawayyo mai kyau a ajiye mata. Inna na tsince gurguzu a faifai, ba ta ɗaga kai ba.

"Wancan da hannuna nis same shi. Allah bai amshe hannun ba tukuna."

Ashe daddawa ta koma yi. Ta ari tukunya, Gwaggo ta ba ta kusurwar tsakar gida, tana dafawa tana dakawa kaɗan-kaɗan, tana hutawa tsakanin taɓarya da taɓarya. Garin cike yake da 'yan gudun hijira, masu sayarwa sun fi masu saye, kuma rabin abin da ta yi a miyar gidan yake ƙarewa, don ba ta iya ganin yara na cin lami. Abin da ya saura take ƙullewa a bakin zane, inda mabuɗin ɗakin ajiyata ya taɓa zama.

Sai wata dabara ta faɗo mini, don mai hali ba ya barin halinsa. Na ja Gwaggo gefe na ce za ni riƙa turo kuɗi, ta samu matan da za su riƙa zuwa suna saye duk abin da Inna ta yi, kamar su ne ke so. Wata biyu sun isa ta haɗa kuɗin likkafanin. Ina faɗa ina jin daɗin wayona. Gwaggo ta bar ni na kai aya.

"Ƙarya guda ba ta ishe ki ba?"

Ta ce in dai ina son in yi mata wani abu, in ƙyale ta.

Shi nake yi yanzu, kuma ban taɓa yin aiki mai wuyarsa ba. An dawo da sabis, Gwaggo ta samu wayarta. Duk lokacin da na ga kiranta gabana sai ya faɗi, in tsaya in yi bisimilla kafin in ɗauka. In na ji muryarta daidai, sai mu gaisa, in tambayi jikin Inna, in yi ta kewaye-kewaye har in iso inda za ni.

"Ta haɗa?"

"Da saura."

Na san shagon da ake sayar da alawayyo a babbar kasuwa, yana kan hanyata ta dawowa daga makaranta. Bandir-bandir ne jere har sama, farare tas, kuma abin da ke jakata ya isa in sayi wanda zai lulluɓe unguwa guda. Nakan rage tafiya in na zo daidai wurin, mai shagon har ya fara gane ni yana ce mini Hajiya a yanko nawa. Sai in ce masa ba yau ba, in wuce ina roƙon Allah ya ara mata kwana har ta saya da kanta.